Ba Kai Ka Sa Mai a Birkin Ba, Baba Mala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, goma sha uku ga watan Agusta, 2024, cikin watan Safar, Allah ya karɓi ran Malam Mala Albarka, wanda duk Limawa ta sani da Baba Mala mai wankin babur. Ya rasu da hantsi a gidansa bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Ya bar matarsa Iya Kaltumi, da 'ya'ya biyu, Abdussamad da Zara, da jikoki shida.

Ni ba 'yarsa ba ce, ba mu kuma haɗa dangi ba. Maƙwabciya ce. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, tagar ɗakina kuma tana kallon gindin darbejiyar da ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a ƙarƙashinta. Akwai wata magana da aka yi shekara uku ana faɗa a kansa a unguwar nan, cewa ya taɓa shafa wa birkin babur mai har ya kusa kashe mutum. Maganar ba gaskiya ba ce. Ni na san haka fiye da kowa, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Baba Mala, an kawo ni Limawa daga Taura bayan ƙaramar sallar 2021. Na zo da kayan ɗaki, da keken ɗinki, da jaka guda cike da littattafan soyayya waɗanda na fi lallaɓawa fiye da kwanukana. Maigidana, Malam Huzaifa, yana koyarwa a wata firamare a cikin ƙauyukan Buji, yana fita da sassafe a kan babur, ba ya dawowa sai la'asar ta yi sanyi. Yinin amarya yana da tsawo. Nakan zauna a bakin taga ina karatu, idan idona ya gaji sai in ɗaga labule kaɗan in kalle ka. Ban taɓa faɗa maka ba, amma sau da yawa nakan ajiye littafin a kan cinyata in manta da shi.

Ba ka taɓa zuba wa babur ruwa da zuwansa. Sai ka kai bayan hannunka kusa da inji, ka girgiza kai, ka nuna wa mai shi benci. 'Yan acaɓa masu sauri sukan tsokane ka.

"Baba Mala, ya huce ko sai mun ɗauko masa mafici?"

"Kai ma in ka dawo daga rana aka watsa maka ruwan randa, ai sai an kai ka kemis. Zauna ka ba ni labarin garinku."

Idan ya huce sai ka ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka ɗaure bakin salansa da leda, ka rufe fulogi da wurin makulli. Daga nan ka shimfiɗa kwali a ƙasa, ka zuba kananzir a gwangwanin madara, ka ɗauki tsohon buroshin haƙori ka fara da kaca. Kana juya tayar baya a hankali da hannu ɗaya, kana gogewa da ɗayan, baƙin man da ya cakuɗe da yashi yana ɗiga a kan kwalin. Ba ka yarda ya shiga kwata, domin agwagin unguwa a nan suke sha. Sai kaca ta fito da hasken ƙarfenta sannan ruwan omo zai zo, shi ma daga sama zuwa ƙasa, tanki da sirdi tukuna, laka a ƙarshe.

Tsummokaranka uku ne, kowanne da ƙusarsa a jikin bishiya. Ja na kaca da duk inda mai yake. Fari na tanki da madubi. Shuɗi na taya da birki, shi kuma ko kusa da jan ba ya zuwa. Bayan babur ya bushe sai ka bi kacar da sabon mai, ɗigo ɗigo, da gashin zabo. Abu na ƙarshe, ka tura babur ɗin taku biyar ka matse birkin gaba, ka sake turawa ka taka na baya, sannan ka miƙa makulli. Da damina, idan rana ta fito bayan ruwa, kumfar wurinka takan yi launin bakan gizo. Na sha tunanin cewa babu marubucin da ya taɓa sa mutum irinka a littafi, kuma da an sa, da na karanta.

Kai ɗan masunta ne daga wajen Haɗeja. Na ji kana gaya wa masu jira cewa a kan injin ban ruwan mahaifinka ka koyi tsoron haɗa ruwa da ƙarfe mai zafi. Kana wanki kana dubawa. Mutane da yawa a wurinka suka fara jin cewa wata kusa ta kwance ko wayar birki ta fara tsinkewa, ka tura su wurin Habibullahi bakanike da ke gefenka tun abin bai zama magana ba. Duk safiyar Juma'a kekunan guragu ne farko, ko da layin babura ya kai bakin titi, kuma ba ka karɓar komai a hannunsu. Na tuna wani bawan Allah da ya kawo matarsa asibiti daga ƙauye cikin ruwan sama, ya jingine babur ɗinsa a bishiyarka ya roƙe ka ka duba masa. Laka ta rufe shi har ba a gane launinsa. Kwana biyu bayan nan da ya dawo, sai ya wuce babur ɗin sau biyu yana nema. Kana kallonsa kana dariya ƙasa ƙasa, sai da ya fara salati sannan ka ce masa, "Ga shi nan a gabanka, ashe ja ne."

Yanzu zan faɗi abin da ya faru.

Ranar wata Lahadi, sati shida da tarewata, Malam ya kawo maka babur ɗinsa bayan la'asar kamar yadda ya saba duk mako. Ka wanke shi, ya shigo da shi tsakar gida. Da yana turo shi na ji tayar gaba tana wata 'yar ƙara. Washegari da asuba, yana masallaci wurin karatu, na tsaya ina kallon babur ɗin. A littattafan da nake karantawa mace takan yi wa mijinta wani abu a ɓoye, ba ta faɗa ba, sai ya gane da kansa ya dawo yana murmushi. Na so in yi irin wannan. Na san idan keken ɗinkina ya yi ƙara mai nake ɗiga masa, haka ma ƙyauren ɗaki. Sai na ɗauko ragowar man gyaɗan da na soya kifi da shi, na tace, na cika cokali uku na zuba ta 'yar kafar da ke tsakiyar tayar gaba inda na ji ƙarar. Na jujjuya, ƙarar ta ɗauke. Daɗi ya kama ni. Na tsoma ƙyalle a sauran man na bi tayoyin duka biyu har suka yi baƙi suna sheƙi kamar sababbi.

Da Malam ya fito zai tafi ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Lallai jiya Baba Mala ya ji daɗin aikinsa." Na rufe bakina da gefen mayafi. Na ce a raina sai ya dawo zan gaya masa.

An yi yayyafi da safiyar nan. A kan hanyar Buji garken awaki ya ratso titi. Ya matse birkin gaba bai kama ba, ya taka na baya taya ta zame. Ya karye a hannun hagu, gefen jikinsa guda ya gurje tun daga kafaɗa har gwiwa. Allah ya sa babu mota a bayansa.

Shi aka wuce da shi asibiti, babur ɗin kuma aka kawo shi a akori-kura aka sauke a gindin darbejiyarka. Ina ɗaki da hijabina a jiki ina jiran wanda zai raka ni asibiti, don haka duk abin da aka yi a kan idona aka yi. Habibullahi ya kwance tayar gaba ya buɗe birkin. Ciki ya jiƙe sharkaf, man ya haɗu da ƙurar birki ya koma baƙi. Mutane suka taru. Yayan maigidana, Yaya Ɗanmusa, ya iso ransa a ɓace.

Ka durƙusa ka dangwali man da yatsa ka kai hancinka. Ka ɗan jima a haka. Sannan ka ɗaga kai ka dubi tagata sau ɗaya, ka mayar da idonka ƙasa, ka jawo gwangwanin kananzir ka fara wanke birkin kafin wani ya sa hannu.

"Baba Mala, jiya a nan aka wanke shi ko ba a nan ba?" in ji Yaya Ɗanmusa.

"A nan ne."

"To wannan man daga ina?"

Ka ci gaba da gogewa. Da ya sake tambaya sai ka ce, "Daga hannuna ya fita. In akwai magana, ni za a yi wa."

Wani daga baya ya ce, "Tsufa ne. Ya haɗa tsumma." Kafin magariba duk Limawa ta ji cewa idon Baba Mala ya tafi, ya goge birki da jan tsumma.

Kwana biyu bayan nan Iya Kaltumi ta leƙo ta ce in zo in taya ta tsince shinkafa. Da na shiga na tarar da kai a kan tabarma a tsakar gida, ka juya gefe kana gyara igiyar guga, ba ka dube ni ba. Na durƙusa na gaishe ka.

"Amarya, tarwaɗa ce ko karfasa?"

Ban gane ba sai da ka ƙara da cewa, "Kifin da aka soya a man."

Na ce, "Karfasa ce, Baba." Daga nan kuka ya ƙwace mini.

"Haka na ce wa Iyarku. Hancin ɗan masunta bai tsufa ba tukuna." Ka bar ni na yi mai isata, na faɗa maka yadda aka yi, sannan ka ce, "Niyyarki mai kyau ce, aikin ne ba ki sani ba. Ƙarar da kika ji ruwa ne bai gama bushewa ba, da ya yi tafiya kaɗan za ta ɗauke. Taya da birki ba a kai musu mai, ko na inji ko na miya. Yanzu mijinki yana kwance, 'yan'uwansa ransu a ɓace, ke kuma ko hanyar kasuwa ba ki gama sani ba. Ni an san ni, za a yi surutu a gaji. Ki bari ya warke ya hau babur ɗinsa, sai ki faɗa masa da bakinki. Zan riƙe miki kafin nan."

Abin da ka ce ke nan, Iya Kaltumi shaida ce. Ba ka ce in ɓoye har abada ba. Ka ce kafin nan.

Malam ya warke cikin wata uku. Ranar da ya fara hawa babur na shirya maganar tun safe, amma ya dawo cikin farin ciki, na ce ba zan ɓata masa ranar ba. Bayan nan na samu ciki, na ce sai na sauka. Na haifi Mashkura, na ce sai an yi suna, sai an yi arba'in, sai na dawo daga wankan gida. Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili yana da kyau a ranarsa. A cikin littattafaina asiri yakan tonu da kansa a lokacin da ya dace, wani ya ji magana ta bayan ƙofa, ko a tsinci wasiƙa, a yi kuka a yafi juna kafin shafin ƙarshe. Ina jin irin wannan ranar na zauna jira. Ba laifin littattafan ba ne. Tsoro na ji, sai na fake da su.

Surutun kuwa ba a gaji da shi ba kamar yadda ka zata. A shekarar da abin ya faru aka buɗe sabon wurin wanki a bakin titi, mai injin feshi, wanda yake gama babur kafin mai shi ya shanye ruwan leda. Wasu da ma za su koma can ko ba komai, na sani. Amma da kunnena na ji ɗan acaɓa yana ce wa baƙo, "Kar ka kai wa tsohon nan, mai zai zuba maka a birki." Bencin da ake rigimar wurin zama a kansa ya koma sai mutum ɗaya ko biyu. Malam ya daina kawo maka nasa. Idan zai fita sai ya ɗaga maka hannu daga kan babur, gaisuwar da a da sai ya sauka ya durƙusa yake yi. Kai kuwa ba ka fasa ba. Na sha jin ka ɗaga murya kana cewa, "Malam, kacar nan ta bushe, a sa mata mai kafin ta ci haƙoranta." Yakan ce to, ya wuce.

Ba ka taɓa yi mini kallon da zai tuna mini ba. Ranar sunan Mashkura kai ka fara aiko da dabino. Har ta fara tafiya ba ka daina kirana Amarya ba. Sau ɗaya tak ka taɓo maganar, bara da rani, na fito zan je awo na tsaya gaishe ka. Kana shanya tsummokaranka a kan ƙusoshinsu, ka ce, "Amarya, hannun Malam ya warke kuwa?"

Shekara biyu ke nan da warkewarsa, kullum kana ganinsa a kan babur. Na san abin da kake tambaya. Na ce, "Ya warke, Baba."

Ka ce, "To alhamdu lillahi." Ka ci gaba da shanyarka. Na wuce, na yi wa kaina alkawarin ranar zan faɗa. Ban faɗa ba.

Da ka kwanta jinya na kai maka kunu sau biyu. A na biyun na tsaya a bakin ƙofa da niyyar neman gafararka, sai na ga ɗakin cike da mutane, na ce sai gobe in an ragu. Washegari da hantsi na ji kukan Zara ta kan katanga.

Ranar sadakar uku Malam ya dawo daga zaman makoki, ya zauna a bakin gado yana cire hula. Ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. In ban da kuskuren nan guda ɗaya, ba a taɓa jin wani abu a kansa ba. Ni dai na yafe masa, Allah ya sani."

Wannan kalmar ce na kasa haɗiyewa. Ana yafe maka abin da ba ka yi ba, kana kabari, ni kuma ina tsaye da kwanon abinci a hannu. Na ajiye kwanon na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga cokali uku har zuwa tsintar shinkafa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ya sani?"

Na ce, "Tun ranar. Ya shinshina ya gane."

Ya mayar da hularsa ya fita. Daga baya na ji ya je wurin Habibullahi, ya je inda 'yan acaɓa suke tsayawa, ya je gidan Yaya Ɗanmusa, duk ya faɗa musu da bakinsa. Da ya dawo abu ɗaya ya ce mini: "Hannu ya warke tuntuni, ba shi ne a raina ba. Shekara uku ina gaishe da mutumin nan daga kan babur." Tun ranar maganarsa da ni kaɗan ce. Yana cin abincina, yana ɗaukar Mashkura, yana amsa gaisuwata. Ban san yaushe zai dawo yadda yake ba, ban kuma ga ina da bakin tambaya ba.

Jiya na shiga wurin Iya Kaltumi. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba da carbi a hannu. Na durƙusa na ce na zo neman gafara, tata da taka.

Ta ce, "Tasa kam kin samu tun ranar da kika ce karfasa ce. Ya dawo ɗaki yana dariya, wai yarinyar nan ko ƙarya ba ta iya ba. Har ya kwanta ciwo bai yarda na buɗe baki ba, ya ce ke za ki faɗa, nauyin baki ne kawai irin na yara." Ta ja carbinta kaɗan. "Tawa ce ba ta zo ba tukuna, Umaima. Ni na riƙa ganinsa yana cika bokiti biyu da safe, magariba ta yi ya dawo da su ya zuba wa shukokina. Ba zan ce miki na yafe ba alhali zuciyata ba ta kai can ba. Ki ba ni lokaci."

Na ce na ba ta, ko shekara nawa ne.

Ta ce, "An ce ke mai karatu ce. To ki rubuta. Waɗanda suka ji waccan maganar ba duka ke Limawa ba yanzu, wasu suna Kano, wasu sun koma garuruwansu. A karanta musu."

Shi ne na rubuta. Duk wanda ya taɓa jin cewa Baba Mala ya haɗa tsumma, ko ya faɗa, ko ya hana wani zuwa wurinsa saboda haka, ina roƙonsa ya sani cewa ni Umaima, matar Malam Huzaifa, ni na zuba man gyaɗa a birkin babur ɗin mijina da hannuna, cikin rashin sani, na kuma yi shiru shekara uku cikin sani. Babur ɗin ya fita daga hannun Baba Mala a wanke, a bushe, birkinsa yana kamawa. Wanda ya kai waccan maganar wani wuri, don Allah ya kai wannan ma wurin.

Ya Allah, ga bawanka Mala ɗan Albarka ya zo gare ka. Ka san ya rufa asirin wadda ba 'yarsa ba, ya biya da sunansa da sana'arsa, bai taɓa gori ba. Ka rufa masa asiri ranar da asirai za su tonu. Ka wanke shi daga kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka gafarta wa iyayensa da namu da dukkan Musulmin da suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Kaltumi, da Yaya Abdussamad, da Yaya Zara, da jikokinsa, da 'yan'uwansa na Haɗeja, da maƙwabcinsa a sana'a Habibullahi, da masu kekunan da za su zo ranar Juma'a su tarar da gindin darbejiya babu kowa. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya sanyaya zuciyar Iya a kaina, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Umaima Ubaidullahi
Limawa, Dutse